Yadda na sa sola a gidana a Gombe: abin da na kashe da abin da na samu

Tun da aka ɗora farantan sola a kan rufin gidana da ke Tumfure, da wuya mako ya wuce ba a tare ni a masallaci ko a wurin aiki an tambaye ni nawa na kashe ba. Nakan faɗi kuɗin, amma nakan ji a raina cewa ban taimaki mai tambayar ba, domin abin da zai kashe ya danganta ne da abin da yake kunnawa a gidansa da lokacin da yake kunna shi, musamman da dare. Ni kaina na sha ruɗani kafin in gane haka. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani zai huta da yawon da na sha.

Duk wanda ke Gombe ya san abin da ya kora mu zuwa sola. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Afrilun 2024 ɓata-gari suka lalata turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe, muka shafe makonni cikin duhu a tsakiyar zafi. A Oktoban shekarar kuma kusan Arewa gaba ɗaya ta sake faɗawa duhu na kwanaki. Maman yara tana sana'ar zoɓo da kunun aya, firizarta ita ce jarinta. A wancan lokacin ƙanƙarar da take saye don sanyaya kaya tana cinye ribar, kunun aya kuwa ba ya jira, in ya kwana babu sanyi ya tashi daga aiki. Ranar da na ga ta zubar da bokiti guda a magudana ba ta ce da kowa komai ba, a ranar na yanke shawara.

Na fara da zagaya shagunan masu sayar da kayan sola a cikin gari. Duk inda na shiga, tambayar farko ita ce, "Alhaji, nawa ka tanada?" In ka faɗi miliyan ɗaya a haɗa maka na miliyan ɗaya, in ka ce biyu a haɗa na biyu, kuma kowanne a ce maka zai ɗauki gidan duka har da firiza. Wani ya rubuta mini inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, mai ƙarfin 3.5kVA da batura biyu, wani ya ce sai huɗu, wani ya ce in manta da masu ruwa in sayi litiyam. Na koma gida da takardu a aljihu, babu wadda ta yi kama da wata, kuma babu wanda ya tambaye ni fanka nawa gare ni. Da na ba wani abokin aikina labari sai ya haɗa ni da ƙaninsa, wanda zan riƙa kira Injiniya, ya karanci lantarki kuma wannan aikin yake yi. Da muka yi waya bai yarda ya faɗi ko sisi ba. Ya ce, "Malam, sai na zo na ga gidan tukuna."

Ya zo wata Asabar bayan la'asar da ɗan littafi da biro. Muka bi ɗaki-ɗaki. Ya sa aka janye firiza daga jikin bango, ya durƙusa ya haska bayanta da fitilar waya ya karanta ɗan rubutun da ke manne a wurin, wanda ni ban taɓa kula da shi ba. Haka ya yi wa talabijin, dutsen guga da butar dafa ruwa. Daga nan ya raba shafin biyu, rana da dare, ya ce da rana farantan ne ke ciyar da gida kai tsaye, amma daga faɗuwar rana zuwa hantsi duk abin da aka sha daga batir yake fita, kuma batir shi ne mafi tsada a cikin kayan. Lissafin daren namu ga yadda ya fito. Fankar sama tana jan kimanin wat 70, muna kwana da uku na awa goma, wat-awa 2,100 ke nan, wato wat sau awannin da aka yi a kunne. Ƙwayayen fitila takwas masu wat 10 na awa biyar, 400. Talabijin da dikoda na awa huɗu, wani 400 ɗin. Firiza in ta kwana a kunne, kimanin 700. Cajin wayoyi, 100. Sannan ita kanta inbatar tana cin nata rabon ko ba a kunna komai ba, ya sa mata 600. Jimilla wat-awa 4,300, wato kilowat-awa huɗu da ɗan ɗoriya a kowane dare. Dutsen guga da butar ruwa, masu jan wat dubu zuwa sama, ya zana musu layi ya ce waɗannan na rana ne kawai.

Da wannan takardar a hannu maganar batir ta zama mai sauƙin fahimta. Batir mai ruwa, wanda ake kira tubula, mai 12V da 220Ah, yana ɗaukar kimanin kilowat-awa biyu da rabi, amma in kana son ya yi ƙarko rabin abin da ke cikinsa kawai za ka riƙa sha. Huɗu ke nan za su ba ni kilowat-awa biyar da kaɗan. Sun fi araha a ranar saye, sai dai suna son a riƙa duba ruwansu ana ƙara musu tataccen ruwan batir, suna fitar da iska mai wari lokacin caji don haka ba a ajiye su a ɗakin kwana, kuma zafin garinmu yana rage musu kwana. Maƙwabcina ya canja nasa kafin su cika shekara uku. Litiyam mai 48V da 100Ah yana ɗaukar kimanin kilowat-awa biyar, ana iya shan kashi 80 cikin ɗari ko fiye, ba ruwansa da ƙarin ruwa, kuma in an kula da shi yana ninka tubula daɗewa. Na zaɓi litiyam ɗaya. Injiniya ya ce da ƙyar zai kai lissafinmu, sai dai mu rage cin dare. Muka yarda za a canja fankoki biyu da masu jan wat 30, firiza kuma ta yi ƙanƙara da rana a kashe ta bayan isha'i. Sauran kayan: faranti shida masu wat 550, da inbata mai 5kVA irin wadda ke karɓar wutar rana da ta layi duka, mai na'urar caji ta MPPT a cikinta, wadda ke tatso iyakar wutar da farantan za su iya bayarwa.

Sai maganar kuɗi. Na haɗa ɗan abin da na tara, da kuɗin riɗi da wake na gonar bara, maman yara ta kawo kwasar adashinta, muka tashi da miliyan biyu. Ragowar na nufi ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikatan wurin aikinmu. Ba sa ba da kuɗi a hannu. Su ne ke sayen kayan su sayar maka da ƙarin riba da aka yanke tun farko, a riƙa cirewa daga albashi, wanda hakan ya kwantar mini da hankali ta fuskar kuɗin ruwa da addini ya hana. Na sayi fom naira dubu biyu. Suka nemi takardar albashi ta wata uku, hotuna biyu, kwafin katin ɗan ƙasa, takardar farashi mai hatimin shagon da za a sayi kayan, da mutum biyu 'yan ƙungiya da za su tsaya mini. Masu tsayawar ne suka fi ba ni wahala, don wanda ke da bashi a kansa ba a karɓar sa hannunsa, kuma a wannan zamanin kusan kowa yana da shi. Bayan na miƙa takardu sai jiran zaman kwamiti, wanda sau ɗaya ake yi a wata. Wannan jiran ya dame ni ƙwarai, saboda farashin kayan sola da dala yake tafiya, kuma mai shago ya gaya mini ƙarara cewa takardarsa ta mako ɗaya ce. Kafin a amince, batir ya ƙara naira dubu hamsin, na cika daga aljihuna. Wanda zai bi wannan hanyar ya fara tambayar ranar zaman kwamiti, sannan ya karɓo takardar farashi dab da ranar. Sun saya mini kayan miliyan ɗaya da rabi, da ƙarin kashi goma cikin ɗari, biya cikin wata 18, kimanin naira 92,000 duk wata.

Ranar sayen kaya tare muka je da Injiniya, kuma ina ba kowa shawarar kada ya je shi kaɗai. Ya sa aka fito da farantan waje ɗaya bayan ɗaya, aka jingina su a rana, ya ɗora mitarsa a kan wayoyin kowanne yana gwadawa da abin da aka rubuta a bayansa. Ya duba gilashin ko akwai tsaga, ya duba lambar da ke cikin gilashin ko ta yi daidai da ta takardar baya. Ɗaya ya ba da ƙasa da 'yan uwansa sosai, aka canja shi ba tare da gardama ba. Ya ce akwai farantan da ake manna wa takardar wat 550 alhali ba su kai ba, kuma girman farantin da nauyinsa ma suna tona asiri. Na biya 140,000 kowane faranti, 840,000 ke nan. Inbata 620,000, batir 1,450,000. Na tsaya sai da aka rubuta lambar kowane kaya a jikin rasit, aka buga hatimi a takardar garanti, aka kuma rubuta a fili wanda zai ɗauki nauyin kai kayan gyara in sun samu matsala. Da baki an ce mini shekara biyar, da aka zo rubutawa sai ga inbata shekara ɗaya, batir ne mai biyar, shi ma da sharuɗɗa.

Ban taɓa kawo rufi cikin lissafi ba sai da Injiniya ya hau. Kowane faranti ya kusa kilo 28, tsawonsa ya fi mita biyu, shida kuma nauyi ne na gaske a kan katakon da ya shekara goma yana shan zafi. Ya tarar gara ta taɓa wasu, sai da na kira kafinta ya canja su ya ƙara tokare, 45,000 har da katako. Sannan aka zaɓi ɓangaren da ke kallon kudu, domin muna arewa da tsakiyar duniya, rana ta fi karkata ta can musamman lokacin sanyi. Aka ba su ɗan gangare yadda ruwa zai riƙa wanke su, aka kuma bar tazara tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa, saboda faranti in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. Akwai dogonyaron maƙwabcina da reshensa ke jefa inuwa a wurin daga ƙarfe uku. Tunda a jere aka haɗa farantan, inuwa a kan ɗaya tana ja wa sauran baya. Na je na same shi bayan magariba na ce, "Baba, alfarma na zo nema." Ya ce a sare reshen, ganyen a ba awakinsa.

Aikin haɗawa ya ci kwana biyu. Kayan haɗi, wato wayoyi, ƙarafan ɗaure faranti, bireka ta ɓangaren rana da ta ɓangaren gida, na'urar kare tsawa, sandar da ake kafawa a ƙasa da canjoba, sun tashi 330,000, kuɗin aiki 150,000. A nan ne na ga inda mutane ke ƙona gidajensu don neman sauƙin dubu ashirin. Yaron da aka aika sayen waya ya dawo da wani naɗi mai kyan gani, an rubuta 6mm a jikinsa. Injiniya ya fere bakin wayar, ya kankare silin da wuƙa, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan. Alminiyam ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Ya ce irin wannan ita ke ɗumi a cikin silin har ta narke, aka mayar aka sauyo. Ya kuma raba wayoyin gidan: fitilu, fankoki, firiza da soket ɗin falo a kan inbata, na'urar ɗumama ruwan wanka kuwa aka bar ta a kan wutar layi kaɗai. Batir da inbata aka kafa su a lungun da ke tsakanin falo da kicin, inda rana ba ta shiga kuma iska ke wucewa, sama da inda hannun yara zai kai. Da yammacin rana ta biyu ya ɗaga bireka, fankar falo ta fara juyawa babu ƙarar inji a tsakar gida. Ƙaramar 'yata ta fita waje ta duba ko an kawo wuta a layinmu, ta dawo ta ce mu kaɗai ne. Duka-duka, har da sababbin fankoki da kuɗin mota, na kashe naira miliyan uku da rabi da 'yan kai.

A watan Janairun 2025 aka gama, tsakiyar hunturu, kuma makonnin farko sun tayar mini da hankali. Faranti shida masu wat 550 ya kamata a takarda su ba da 3,300, amma fuskar inbata ba ta nuna abin da ya wuce 1,700 ko da tsakar rana. Na kira Injiniya ina zaton an cuce ni. Ya ce in hau tsani in shafa yatsa a kan gilashin. Na shafa, yatsan ya fito ja wur da ƙura. Muka wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. A ranar ta haura 2,300. Ya ƙara da cewa adadin da ke jikin takarda a yanayin gwaji aka auna shi, faranti na kan digiri 25, kuma a kan kwanon Gombe ba za ka riƙa ganinsa ba. Tun daga nan duk mako ake wankewa lokacin hazo. Wanda rufinsa ke da tsayi ko santsi ya sa kuɗin mai wankewa a lissafinsa, kada ya tura yaro.

Abin da ya fi canjawa shi ne tsarin gidan. Guga ta koma tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da biyu, haka markaɗe da injin wanki. Da farko an sha ƙorafi, musamman ranar da wani ya tashi da yamutsattsen kaya yana sauri, amma an saba. Azumin 2025 ya faɗo a watan Maris, lokacin da zafi ke kai digiri 40, kuma a nan ne muka ci moriyar abin sosai. Mun yi barci da fanka har sahur, yara sun daina kwana a tsakar gida sauro na cizonsu. Firiza na yin ƙanƙara kafin la'asar, maman yara ta daina saye ta koma sayarwa, kuma kullum akwai ƙullin da ake aika wa maƙwabta na buɗa-baki. Wayoyin unguwa kuwa, in wuta ta daɗe ba ta zo ba, a kan tabarmar zaurena suke kwana. Wannan ɓangaren ba ya shiga lissafin kuɗi, amma ni a wurina yana da nauyi.

Damina ta zo da nata. Iskar farkon ruwa a nan ba ta wasa da rufi, don haka kafin watan Mayu na sa aka sake ɗaure kusoshin ƙarafan, aka toshe wani wuri da ya fara ɗiga ta ramin ƙusa. A watan Agusta akwai ranakun da hadari ke rufe gari tun safe, batir ba ya cika, kuma ya kan yanke kafin asuba in ba a rage kaya ba. A irin waɗannan ranakun in an kawo wuta inbata na cajin batir da ita, shi ya sa ban cire mitata ba kuma ba na ba kowa shawarar ya cire. Janareta ma yana nan a rufe da buhu, na tayar da shi sau ƙalilan.

Ga lissafin yadda yake. Kafin sola, a wata ina kashe kimanin 90,000 a fetur, kusan 10,000 a baƙin mai da gyaran inji, da 20,000 a katin wuta. Yanzu kati ba ya wuce 7,000, fetur kuwa sai jefi-jefi. Abin da ya rage mini ya kai 110,000 a wata, wanda ya rufe abin da ƙungiya ke cirewa har da saura. In aka tafi a haka kuɗina zai dawo cikin kimanin shekara uku, ban da abin da firiza ke kawowa. Farantan ana ba su shekara 25, amma inbata da batir ba za su kai can ba, dole wata rana a sake su.

Sai dai wannan lissafin nawa ne, na mutumin da dama yake ƙona fetur kusan kullum kuma yake da sana'a a cikin gida. Wanda ba ya tayar da inji, abin da yake kashewa a wuta bai wuce 15,000 a wata ba, in ya sa miliyan uku da rabi kuɗinsa ba zai dawo ba kafin batir ya gaji. Jin daɗi ya saya, kuma ba laifi ba ne in yana da hali, amma kada ya ci bashi a kan zaton riba. Irinsa faranti ɗaya ko biyu da ƙaramin batir da fankoki masu caji sun ishe shi fitila, iska da cajin waya a kan kaso kaɗan na abin da na kashe. Ɗan haya kuma ya samu yardar mai gida a rubuce kafin a huda kwano, a kuma rubuta cewa kayan nasa ne zai tafi da su ranar tashi, don na ga inda hakan ya kai mutane gaban mai unguwa. Ni dai da zarar na gama biyan ƙungiya, dubu talatin daga cikin abin da suke cirewa zan riƙa warewa duk wata saboda ranar canjin batir, sauran kuma maman yara ta riga ta sa ido a kan firiza ta biyu, wadda Injiniya ya ce sai an ƙara faranti biyu kafin a kawo ta.